Lu'ulu'u mai tabo da ke jin maganaɗisun ƙwayar sinadari guda: Ina aka kai, kuma wa zai amfana?

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar gano alƙibla a wayarsa, ya ga allura tana juyawa har ta tsaya, ya yi amfani da na'urar auna maganaɗisu ko da bai sani ba. A cikin yawancin wayoyin zamani akwai wata mitsitsiyar na'ura da ke jin maganaɗisun duniya, ta sanar da wayar inda arewa take.

Maganaɗisun duniya ba shi da ƙarfi idan aka kwatanta shi da mayen ƙarfen da ke cikin lasifikar rediyo. Amma akwai wanda ya fi shi rauni nesa ba kusa ba, wato wanda ke fitowa daga ƙwayar sinadari guda ɗaya, kamar ƙwayar furotin da ke cikin jikin mutum. A da babu na'urar da ke iya jin sa a ɗaki mai zafin yau da kullum. Yanzu akwai ɗakunan bincike a Jamus da Amurka da China da suka yi hakan, ta hanyar amfani da abin da ake kira na'urorin sansano na kwantum.

Batun ya ƙara jan hankali a 2025, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa kimiyya da fasahar kwantum, bayan Ghana ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar a 2024. A watan Oktoban 2025 kuma kyautar Nobel ta fannin fiziks ta tafi ga John Clarke da Michel Devoret da John Martinis, saboda gwaje-gwajen kwantum da suka yi a Jami'ar California da ke Berkeley a 1984 da 1985. Clarke ya shafe shekaru masu yawa yana aiki kan na'urar SQUID, ɗaya daga cikin na'urorin da suka fi kowace iya jin maganaɗisu mai rauni.

Yawancin labaran da ake ji game da kwantum na kwamfuta ne. Sai dai kwamfutar kwantum da za ta yi aikin da jama'a za su gani a ƙasa tana da sauran tafiya, yayin da na'urorin sansano suka riga suka fara fitar da sakamako a fannin sinadarai da lafiya, har da bincike kan zazzaɓin cizon sauro.

Daga ina ƙwayar sinadari ta samu maganaɗisu?

Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Idan biyu ko fiye suka haɗu, sai su zama ƙwayar sinadari. Ruwa, alal misali, ƙwayoyin zarra biyu ne na haidirojin da ɗaya ta iskar oksijin. Furotin kuwa yana iya ƙunsar dubbai.

A cikin ƙwayar zarra, elektiron da kuma cibiyar wasu ƙwayoyin suna nuna hali irin na allurar kamfas: kowace tana da ɗan maganaɗisunta. Kwantum shi ne reshen fiziks da ke bayanin halayyar irin waɗannan ƙananan abubuwa, waɗanda dokokinsu suka bambanta da na abubuwan da ido ke gani.

Wannan ɗan maganaɗisu shi ne na'urar MRI ta asibiti ke amfani da shi. Ana shigar da majiyyaci cikin mayen ƙarfe mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, wanda ya ninka maganaɗisun duniya sau dubu talatin zuwa sittin. Cibiyoyin haidirojin da ke cikin ruwan jiki suna amsa igiyar rediyo da aka aika musu, na'urar ta tattara amsar ta mayar da ita hoto. Masana sinadarai suna da 'yar'uwar wannan na'ura mai suna NMR, wadda asalinta ya koma ga binciken Felix Bloch da Edward Purcell na 1946, kuma da ita ake gano tsarin magunguna da furotin.

Matsalar ita ce na'urorin biyu ba sa jin komai sai an tara musu tiriliyoyin ƙwayoyi. Kamar mutum ne ya tsaya a bayan gari ranar kasuwa: zai ji hayaniya, zai san kasuwa ta cika, amma ba zai ji abin da mai tumatir yake ce wa mai saye ba. Idan ƙwaya ɗaya cikin dubu ta lanƙwashe ba daidai ba, ko magani ya kama ta ta wata fuska daban, labarinta ya ɓace cikin na sauran. A cututtuka irin su Alzheimer da Parkinson, inda furotin ke lanƙwashewa ba bisa ƙa'ida ba ya riƙa dunƙulewa, waɗannan 'yan tsirarun ƙwayoyi su ne masu bincike suka fi son gani.

Akwai kuma dokar nisa. Maganaɗisun irin waɗannan ƙwayoyi yana raguwa da sauri ƙwarai: idan aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin ya ragu sau takwas. Ko a tazarar nanomita 10, maganaɗisun cibiyar haidirojin guda ya gaza na duniya sau dubbai masu yawa. Kaurin silin gashin mutum kuwa ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Saboda haka mafita ɗaya ce: a samo na'urar ji da girmanta bai wuce na ƙwayar zarra ba, a kai ta dab da abin da ake son aunawa.

Tabon da ya zama abin nema

A nan lu'ulu'u, wato daimon, ya shigo. Lu'ulu'u tsantsar kabon ne da aka jera ƙwayoyinsa a tsari. Wani lokaci ƙwayar naitirojin takan maye gurbin kabon ɗaya, kuma a gefenta a samu gurbin da babu komai. Wannan haɗi na naitirojin da gurbi, wanda masana ke kira NV, aibi ne a tsarin dutsen. Amma elektiron ɗin da suka maƙale a wurin suna aiki kamar allurar kamfas mai girman ƙwayar zarra.

Yadda ake karanta wannan allura ba shi da wuyar fahimta. Idan aka haska tabon da koren hasken leza, sai ya mayar da jan haske. Idan kuma aka aika masa igiyar rediyo mai kaɗawa kusan gigahaz 2.87, wanda bai yi nisa da gigahaz 2.4 na Wi-Fi ba, sai jan hasken ya dusashe kaɗan. Duk wani maganaɗisu da ke kusa yana gusar da wurin da wannan dusashewa ke faruwa. Masu bincike suna auna yawan gusawar, daga nan su lissafa ƙarfin maganaɗisun.

Babban abin da ya fifita lu'ulu'u shi ne yana aiki a zafin ɗaki. Na'urar SQUID mafi inganci sai an sanyaya ta da ruwan iskar hiliyam, a sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili, kuma hiliyam yana da tsada da wuyar samu. A irin wannan sanyi ba za a iya kai ƙwayar halitta mai rai dab da na'urar ba.

Wani abin lura shi ne, raunin da ke hana kwamfutar kwantum ci gaba shi ne ƙarfin na'urar sansano. Kwamfutar tana rikicewa da zarar ɗan maganaɗisu ko zafi ya taɓa ta daga waje. Na'urar sansano kuwa wannan taɓawar ce take jira ta auna.

Matakan da aka taka

A 1997 wasu masana a Chemnitz da ke Jamus, cikinsu har da Jörg Wrachtrup, suka nuna cewa za a iya ganin tabon NV guda ɗaya a kuma karanta shi. A 2008 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Jami'ar Harvard ɗaya a Jami'ar Stuttgart, suka wallafa a mujallar Nature yadda za a mayar da tabon ma'aunin maganaɗisu.

A 2013 masu bincike na Stuttgart da na kamfanin IBM suka ji amsar cibiyoyin haidirojin daga wani abu da aka ɗora a kan lu'ulu'u. A gwajin Stuttgart, faɗin wurin da amsar ta fito bai wuce nanomita biyar ba.

A 2015 tawagar Du Jiangfeng ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta China da ke Hefei ta ji maganaɗisun wata alama da aka liƙa wa furotin guda ɗaya, a zafin ɗaki. Shekara ɗaya bayan haka, masana na Harvard suka ji cibiyoyin ƙwayoyin zarra da ke cikin furotin mai suna ubiquitin. A Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan kuma, tawagar Romana Schirhagl tana shigar da garin lu'ulu'u cikin ƙwayoyin halitta masu rai, domin auna wasu sinadarai masu saurin ɓacewa da jiki ke fitarwa yayin yaƙi da cuta.

Sabbin hanyoyi biyu sun bayyana kwanan nan. A watan Yulin 2024 masana na cibiyar bincike ta Jülich a Jamus da takwarorinsu na wata cibiyar kwantum da ke Seoul a Koriya ta Kudu suka liƙa ƙwayar sinadari guda a bakin allurar wani madubin bincike mai tsananin kaifi. Da ita suka auna maganaɗisun ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe, kuma na'urar tana bambance wurare biyu da tazararsu ba ta kai faɗin ƙwayar zarra ba. Sai dai tana buƙatar matsanancin sanyi da wurin da aka zuƙe wa iska.

A watan Agustan 2025 kuma tawagar David Awschalom da Peter Maurer ta Jami'ar Chicago ta sanar a mujallar Nature cewa ta mayar da wani furotin mai ƙyalli, wanda asalinsa daga wata halittar teku ne, na'urar kwantum. Muhimmancin wannan shi ne ƙwayar halitta da kanta za ta iya ƙera na'urar a cikinta, a daidai wurin da ake son aunawa. Amma har yanzu jinsa bai kai na lu'ulu'u ba.

Me ya haɗa wannan da zazzaɓin cizon sauro?

Ƙwayar cutar maleriya tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta cinye sinadarin himogulobin. Ragowar abin da ta ci yana ɗauke da ƙarfe, kuma guba ne a gare ta. Don ta tsira, sai ta dunƙule shi zuwa wasu ƙananan duwatsu masu duhu da ake kira hemozoin. Waɗannan duwatsu suna amsa mayen ƙarfe.

A 2019 masana a Jami'ar New Mexico ta Amurka suka yi amfani da lu'ulu'u mai tabon NV suka auna maganaɗisun waɗannan duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Binciken yana da amfani ta fuska biyu.

Ta farko ita ce magani. Kulorokwin da danginsa suna kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar hana ta dunƙule wannan guba. Ƙwayar ta bijire wa kulorokwin har Najeriya ta daina amfani da shi a matsayin maganin farko a 2005. Yanzu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙwayar ta fara nuna turjiya ga artemisinin, ginshiƙin magungunan yau, a Ruwanda da Uganda da Eritiriya da Tanzaniya. Na'urar da za ta nuna yadda dutsen ke tsirowa ko ya daina tsirowa a cikin ƙwayar cuta guda za ta taimaka wajen tace sabbin magunguna.

Ta biyu ita ce gwaji. Yawancin 'yan sandunan gwajin gaggawa da ake ɗiga wa jini a asibitoci da kemis suna neman wani furotin ne mai suna HRP2. A wasu yankuna ƙwayar cutar ta daina fitar da shi, sai gwaji ya nuna babu maleriya alhali tana nan. Wannan ya sa Eritiriya ta sauya irin gwajin da take amfani da shi a 2016, kuma an ga matsalar a Habasha da Jibuti. Hemozoin kuwa ƙwayar cutar ba za ta iya daina yin sa cikin sauƙi ba, domin da shi take kare kanta.

Girman abin da ke kan gaba a bayyane yake. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263, kuma mutum kusan dubu 597 suka mutu. Najeriya kaɗai ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da kusan kashi 30 cikin 100 na mace-macen. Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka haɗa fiye da rabin mace-macen duniya, tare da Najeriya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da Tanzaniya.

Akwai wani gwajin da ya fi kusa da asibiti. A 2020 tawagar Rachel McKendry ta University College London ta sa garin lu'ulu'u a cikin gwajin takarda irin na gano juna biyu. A nan ba maganaɗisun cutar ake aunawa ba. Ana sa hasken lu'ulu'un ya riƙa ƙiftawa ne da igiyar rediyo, don a bambance shi da sauran hasken da ke rikita gwaji. A gwajin ɗakin bincike, hanyar ta fi ta garin zinare da aka saba amfani da ita ji har sau dubu 100, kuma an gwada ta a kan ƙwayar HIV.

Abin da ya rage

Duk da waɗannan nasarori, har yanzu babu wanda ya ɗauki cikakken hoton tsarin furotin guda da lu'ulu'u. An ji cewa furotin yana nan, an gane wasu daga cikin ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa, amma zana shi dalla-dalla buri ne da ba a cim ma ba tukuna.

Dalilan suna da yawa. Dole tabon ya kasance dab da fuskar lu'ulu'un kafin ya ji abin da ke waje, amma fuskar tana da nata hayaniyar maganaɗisu da ke dame shi. Awo ɗaya yana iya ɗaukar sa'o'i. Ƙwayoyin da ke cikin ruwa kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya, kafin a gama saurarensu sun wuce.

A batun maleriya ma akwai tarnaƙi. Nau'in falciparum, wanda ya fi kisa a Afirka, idan ya girma ya tara hemozoin da yawa yakan maƙale a bangon ƙananan jijiyoyi. Waɗanda ke yawo a jinin da ake ɗiba daga yatsa ƙanana ne masu ɗauke da hemozoin kaɗan. Wannan shi ne ya sa ake buƙatar na'ura mai tsananin ji, kuma shi ne ya sa aikin ke da wuya.

Akwai kuma abokan takara. Madubin elektiron mai aiki a sanyi, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, yana fitar da hotunan furotin masu kyau. Manhajar AlphaFold, wadda masu ƙirƙirarta suka samu rabin kyautar Nobel ta sinadarai a 2024, tana hasashen siffar furotin cikin ɗan lokaci. Gurbin da ya rage wa na'urorin kwantum shi ne kallon ƙwaya guda tana motsi tana sauya siffa a cikin halitta mai rai, abin da waɗancan hanyoyin ba su ƙware a kai ba.

Kuɗi da iko

Manyan ƙasashe sun zuba kuɗi. Amurka ta kafa dokar shirin kwantum a Disamban 2018 da kimanin dala biliyan 1.2 na shekara biyar. Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin yuro biliyan ɗaya na shekara goma a wannan shekarar. Birtaniya ta sanar da fam biliyan 2.5 a 2023, kuma a 2024 ta kafa wata cibiya ta musamman kan amfani da na'urorin sansano na kwantum a fannin lafiya, ƙarƙashin jagorancin University College London da Jami'ar Cambridge. Indiya ma ta amince da nata shirin a 2023. A Afirka, Afirka ta Kudu ce ke da shirin ƙasa da ya fi fitowa fili.

Ba duk wannan kuɗi ne don lafiya ba. Na'urar da ke jin maganaɗisu mai rauni tana iya taimaka wa jirgin sama ya gane hanya idan an toshe GPS, ko ta gano jirgin ruwan yaƙi da ke ƙarƙashin teku. Shi ya sa gwamnatoci suka fara sa takunkumi. A watan Satumban 2024 Amurka ta tsaurara dokokin fitar da kayan kwamfutar kwantum, a watan kuma dokar China ta taƙaita fitar da wasu injinan ƙera lu'ulu'u ta fara aiki.

Wanda ya ji an ambaci lu'ulu'u zai iya zaton kakar ƙasashe irin su Botswana da Angola da Saliyo ta yanke saƙa. Ba haka abin yake ba. Lu'ulu'un da ake amfani da shi a wannan aiki yawanci a masana'anta ake ƙera shi daga iskar gas mai ɗauke da kabon, domin a sarrafa yawan naitirojin da ke ciki. Ɗaya daga cikin manyan masu ƙera shi shi ne Element Six, reshen kamfanin De Beers da ke da cibiyar bincike a Ingila. China ce kuma ke samar da mafi yawan lu'ulu'un masana'anta a duniya, musamman a lardin Henan. Ribar tana wurin mai injin da mai ilimin sarrafa shi.

Inda ƙasashe irin su Najeriya da Nijar ke da abin cewa shi ne matakin gwaji a kan marasa lafiya. Duk na'urar gano maleriya da aka ƙera a London ko New Mexico, sai an kawo ta inda cutar take kafin a san ingancinta. Asibitocin koyarwa da jami'o'in da za su karɓi irin wannan gwaji suna da damar neman a horar da masanansu, a sa su cikin tsara binciken tun daga farko, a kuma yi maganar farashi kafin na'urar ta shiga kasuwa.

Ma'aunin da za a duba a shekaru masu zuwa a fili yake. Gwajin gaggawa na maleriya da ake da shi yanzu yana ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20, ba ya buƙatar lantarki, kuma ma'aikacin lafiya na ƙauye yana iya yin sa bayan ɗan horo. Na'urar lu'ulu'u za ta shiga ɗakin shan magani ne kawai idan ta yi aiki da batir, ta jure zafi da ƙura, kuma ta gano cutar a jinin yaron da gwajin yau ya ce lafiyarsa ƙalau.